Yadda muka haɗa wa Alhaji tankin kifin teku mai lita 650 a Kano

Mijin yayata, wanda duk gida Alhaji muke ce masa, ya dawo daga Dubai da wani hoto a waya da ya hana shi sukuni. Ya kai yara Dubai Mall sun ga ƙaton tankin kifin nan mai cin ruwa lita miliyan 10, toh ba shi ne ya tafi da hankalinsa ba don ya san wannan ba kayan gida bane, wani ne da ya gani a falon otal ɗin da suka sauka, kifaye shuɗaye da rawaya suna ta shawagi tsakanin duwatsu. Da yake dangi sun san ni da haukar kifi, na yi shekara tara ina ajiye na ruwan daɗi, kuma shekara uku kenan ina da ɗan ƙaramin na ruwan gishiri mai lita 120 a ɗakina, sai ya turo min hoton haɗe da jerin kayan da wani dila a Legas ya rubuto masa, yace Auta duba min ko akwai abun da aka manta.

Na duba. Kaya 23 ne a jerin, fitilu uku masu tsadar gaske ne a sama, sai hita guda biyu, sai fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, sai injin ɗiga sinadarin kalsiyam, da wasu tarkace da ko ni ban taɓa buƙata ba. Babu injin tace ruwa, babu injin sanyaya ruwa, babu maganar batir ko inbata ko a layi ɗaya. Kana gani ka san daga inda aka kwafo shi, ƙasar da sanyi ne abokin gabarsu kuma ba a ɗauke musu wuta. Mu kuwa a Kano muke, watan Afrilu zafi yana taɓa digiri 40, Nepa kuma sai yadda ta ga dama. Nace masa Alhaji wannan jerin ba ƙarya a ciki amma ba namu bane, bari mu juya shi mu faro daga ƙasa.

Rigimar farko akan girma ce. Shi so yake a yi mai tsawon ƙafa 8 a falon sama, santimita 240 da faɗin 60 da tsayin 75, na ɗauki biro na buga masa lissafi a gabansa, lita 1,080 kenan, kuma kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, na gishiri ma ya ɗan ɗara, kafin ka sa nauyin gilas da dutse da yashi da tankin ƙasa da teburin ƙarfe ka doshi tan ɗaya da rabi, duk a kan ɗan wurin da bai kai gadon mutum ɗaya ba, a saman bene. Yaya tana jin haka tace wallahi ba a saman ɗakin 'ya'yanta ba. Da haka muka sauko ƙasa, muka tsaya akan ƙafa 6, wato 180 da 60 da 60, lita 648 idan an cika shi taf. Shi ma fa idan aka haɗa komai yana kai tan ɗaya, gilas ɗin kaɗai mai kaurin milimita 15 ya kusa kilo 150, ƙarti shida suka shigo da shi.

Ni ban hana shi babba ba, kuma duk wanda yace maka ɗan koyo ya fara da ƙarami don ya fi sauƙi bai ajiye ruwan gishiri ba. Ruwa mai yawa baya saurin canjawa, idan kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ko ka zuba abinci ya yi yawa, lita 650 zata shanye kuskuren, nawa mai lita 120 kuwa kwana ɗaya ya ishe shi ya birkice. Matsalar babba kuɗi ce da nauyi kawai. Tsayin ne na dage kada ya wuce 60, don duk abun da ya fi haka hannunka bazai kai ƙasa ba, kullum sai ka jiƙe har hammata.

Sai ruwa. Alhaji yace ai bohol ɗinsa garau yake, shi suke sha, gishiri kuma a sayo buhu a kasuwa. Anan na ɗan sha wahalar bayani. Gishirin miya abu ɗaya ne zalla, ruwan teku kuwa bayan shi akwai magniziyam kusan 1,300 cikin miliyan, kalsiyam wajen 420, da sinadaran da ke riƙe ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, ya tsaya wajen 8.1 zuwa 8.3, shi yasa ake sayen gishirin da aka haɗa musamman irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. Kowace lita tana cin wajen giram 35 zuwa 38, kenan cikon farko kaɗai ya fi kilo 25, kuma idan ana canja kashi 10 cikin 100 duk sati biyu, a shekara sai an ƙarar da bokiti uku masu kilo 22. Na sa ya rubuta wannan a takarda don kada gobe ace ban faɗa ba, wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Bohol ɗin kuma muka tsoma ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da ke nuna yawan abun da ya narke a ruwa, ya nuna sama da 300. Ga mutum ba komai bane, ga tankin teku kuwa abincin gansakuka ne zaka dinga zubawa kullum, don abun da ake so sifili ne. Dole aka sayi injin RO, ƙanin wanda masu fiya wata ke amfani da shi, da ƙarin kwalba ɗaya ta ƙarshe mai ƙwayoyin da ke tsince ragowar. Mun haɗa shi ruwa ya ƙi fita sai ɗis ɗis, ashe matsi ne babu, injin yana son wajen bar 4 a ma'aunin matsi, tankin sama kuwa sai ya yi tsayin mita 10 kafin ya ba ka bar 1, sai da muka ƙara ɗan injin ƙarin matsi. A kwali an rubuta lita 380 a rana amma kwana huɗu muka yi muna tara ruwan cikon farko a duro, kuma duk lita ɗaya mai kyau yana zubar da uku zuwa huɗu, muka ja tiyo zuwa shukokin Yaya, wannan ne ma abu na farko da ya burge ta a duk aikin.

Na soke ma'aunin gishiri na roba mai allura da ke cikin jerin, kumfa ɗaya ta maƙale a allurar sai ya yi maka ƙarya. Muka sayi na leƙawa, wanda ake ɗiga ruwa a gilashinsa a duba a haske, da 'yar kwalbar ruwan gwaji mai gishiri kashi 35 cikin dubu don saita shi. Inda ake so ya tsaya 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, wato gishiri wajen 35 ɗin nan.

Yanzu tankin ƙasa, wanda turawa ke kira samp, shi ne ɗakin girkin abun gaba ɗaya, duk injina a can suke ɓoye cikin kabad, ruwa yana malalowa daga sama ta bututu ya bi ta cikinsa ɗan sumo ya mayar da shi. Mun yi mai lita 200. Anan ne aka yi abun da har yau ake min dariya. Mun cika komai da ruwan famfo don gwaji, yana ta zagayawa gwanin sha'awa, Alhaji har ya fara ɗaukar bidiyo, kawai aka ɗauke wuta. Sai muka ji ƙululu ƙululu, kafin in gane me ke faruwa ruwa ya cika tankin ƙasa ya fara bin tayil yana nufar kafet. Abun da ya faru shi ne bakin bututun da ke mayar da ruwa fulamba ya nutsa shi wajen santimita 10 a ƙasan ruwa, da sumo ya tsaya sai bututun ya koma zuƙo ruwa baya kamar yadda ake zuƙar fetur da tiyo. Faɗin saman tankin 180 sau 60 ne, kenan duk santimita ɗaya lita 10.8 ce, santimita 10 ya zama lita 108, wurin da muka bari a ƙasa kuwa bai fi na lita 60 ba. Laifina ne ba na fulamba ba, shi bai taɓa irin aikin ba, ni ya kamata in lissafa. Muka ɗago bakin ya dawo dab da saman ruwa, muka huda ƙaramin rami a gefensa don iska ta shiga ta katse zuƙar, muka rage ruwan ƙasa, sannan muka kashe wuta da kanmu sau biyar muna kallo har muka ga inda yake tsayawa na ja layi da maka. Fulamba yace a sa bawul mai hana ruwa komawa, na ƙi, don watarana ɗan katantanwa ko gansakuka zai maƙale a ciki ya ƙi rufewa, kuma ranar ba kowa a gida.

A wannan gwajin ne kuma idona ya kai kan wani bawul rawaya mai ƙyalli da ya ɗaura a layin sumo. Tagulla ce. Ruwan gishiri yana cin ta a hankali ya saki jan ƙarfe cikin tanki, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da katantanwa da murjani. Aka kwance aka sa na roba, duk wani abu da zai taɓa ruwan nan roba ne ko gilas. Teburin ma mai walda ya yi shi da ƙarfe mai kauri amma sai da aka yi masa fenti mai hana tsatsa shafi uku, soket kuma aka ɗaga su sama nesa da feshin ruwa aka sa musu abun katse wuta idan ta zuba, don ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da na famfo nesa ba kusa ba, ga yara a gidan.

Injin kumfa, sikima, shi ne abu ɗaya da na yarda a kashe masa kuɗi ba ciniki. Yana busa ƙananan kumfa cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne musu su tashi da shi zuwa wani kofi a sama, bayan kwana uku ka ciro kofin ka ga wani baƙin ruwa mai warin kwata, toh wannan da a cikin tanki zai ruɓe. Lambar da ake rubutawa a kwali kada ka yarda da ita duka, namu duka ruwan wajen lita 700 ne muka ɗauki wanda aka rubuta wa 1,000. Alhaji yace me zai hana a ɗauki na 2,000 a huta, nace idan ya yi girma da yawa kifi kaɗan bazai samu dattin da zai haɗa kumfa ba, yau ya yi aiki gobe ya zauna. Shi ma ya ba mu tasa matsalar, duk sanda aka dawo da wuta ruwan ƙasa yana sama, sai ya tashi ya cika kofi ya amayar da dattin, maganin ɗan soket ne mai jinkirta tashi na minti biyar.

Sumo mai mayar da ruwa ana so ya juya tankin sau 3 zuwa 5 a awa, muka ɗauki na lita 5,000 don hawan bututu yana cinye kusan rabi. Cikin tankin kuma farfela biyu masu kaɗa ruwa, ɗaya a kowane gefe, su biyun suna juya shi sama da sau 15 a awa, kifin teku bai san ruwa kwance ba. Na Jebao muka saya, ba su kai su Tunze ko EcoTech tsada ba, da rarar muka sayi sumo na biyu muka ajiye a kwali. A nan garin idan ya lalace ba shagon da zaka shiga ka ɗauko, sai ka jira sati uku zuwa shida.

Toh ga inda kuɗin fitilun nan suka tafi. Ruwan teku dama iskar da ke cikinsa bata kai ta ruwan daɗi ba, ta gaza da wajen kashi 20 cikin 100, kuma yana ƙara zafi tana ƙara raguwa, idan ruwa ya daina motsi a daren bazara awoyi kaɗan ne zaka ga kifi sun taso sama suna haki. Janareton gidan ba kwana yake a kunne ba. Muka zauna muka ware abun da ba a yarda ya tsaya ba, sumo da farfela biyu, gaba ɗaya wajen wat 100, awa 12 ya zama wat-awa 1,200. Batir mai 200 na bolt 12 a rubuce 2,400 yake ɗauka amma rabi ake ci idan ana so ya yi ƙarko, kenan ɗaya ya yi daidai wa daida, sai muka sa biyu da inbata nasu su kaɗai, wanda babu mai jona firji ko dutsen guga a kai, kuma irin mai fitar da wuta sumul don ɗayan irin yana sa injina gurnani da zafi. Na ƙara da 'yan injinan iska biyu masu batirin tocila da ke tashi da kansu idan wuta ta yanke, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Zafi kuma ana so ruwan ya zauna 25 zuwa 26. Alhaji yace akwai esi a falo. Nace esin da ake kashewa idan an tafi barci? Muka sayi injin sanyaya ruwa mai rabin doki, kuma nan ma mun yi wauta, don kada a ga muninsa muka cusa shi cikin kabad. Shi kuwa kamar firji yake, zafin da ya cire daga ruwa ta baya yake fitarwa, sai ya zama yana dafa tankin ƙasa da kansa yana ta aiki ba hutu, sati na biyu na Afrilu na zo na tarar da ma'auni a 30. Dole aka huda bango aka fitar da shi baranda cikin inuwa aka ja bututu. Hita guda ɗaya mai wat 300 muka bari saboda hunturu, ta bayan na'urar Inkbird da ke yanke mata wuta idan ta wuce 25, don hita idan zata lalace sau da yawa a kunne take maƙalewa.

Hunturun ne ma ya nuna amfanin wani ɗan abu da baya cikin jerin dila, na'urar da ke cike gurbin ruwan da ya tashi. Iska ta bushe, mun auna tankin yana rasa wajen lita 8 a rana, kuma ruwa ne ke tashi gishiri yana nan, idan aka bar shi sati ɗaya gishirin da ke 35 zai koma 38. Ruwan RO zalla ake ƙarawa ba mai gishiri ba, wannan sai da na maimaita wa yaron gidan sau uku.

Fitila dai ƙarshe muka sa masu matsakaicin kuɗi guda biyu. Waɗancan ukun na masu noman murjani mai tauri ne, mu kuwa kifi da dutse zamu fara, kifi ba ruwansa da tsadar fitila, ƙarin haske a sabon tanki zafi ne da gansakuka kawai. UV da injin kalsiyam duk na ja musu layi. Dutse kilo 50 busasshe irin na teku mai ramuka, ba na fasa dutse ba, don a ramukan ne bakteriya masu cin ƙazanta ke zama, yashi kuma siriri santimita 3. Muka zuba bakteriyar kwalba da ɗan amoniya muka zauna jira, amoniya ta koma naitirait, ita kuma ta koma naitiret, ina gwadawa da kayan Salifert duk kwana uku. Sati biyar tanki ba kifi. Baƙi su zo su leƙa su ce ina kifin, Alhaji ya kalle ni.

Abu ɗaya da na kasa shawo kansa akai shi ne tankin killace sabon kifi, ɗan lita 80 ne fa ba yashi ba dutse, yace ɓata wuri ne. Mun fara da kifin kilawun biyu, masu ruwan lemo da farin ɗamara, haihuwar gona ba kamun teku ba, da wasu ƙanana koraye biyar, wata biyu lafiya lau. Ina tafiya Kaduna ya sa aka kawo masa shuɗin nan na cikin hoto, ya juye shi kai tsaye. Kwana shida ya kira ni yace Auta kifin nan kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jiki a dutse. Cutar farin ɗigo ce, wata ƙwaya mai suna Cryptocaryon, kuma wannan shuɗin ya yi suna wajen kamuwa da ita. Maganinta mai jan ƙarfe ne, ba a zuba shi a babban tanki don dutse zai shanye ya riƙe. Ranar Juma'a da daddare ni da shi da yaron gida muka kwashe dutse kilo 50 ɗaya bayan ɗaya cikin baho don mu kama kifi takwas, falo duk ƙarni, Yaya ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannu bata ce uffan ba. Tankin lita 80 ɗin da ya ƙi, nawa na ɗauko daga gida. Koraye biyu suka mutu, shuɗin ya tashi, babban tankin kuma ya zauna kwana 76 ba kifi ko ɗaya don ƙwayar ta mutu da yunwa.

Yanzu wata goma sha ɗaya kenan. Kifi tara ne a ciki, an sa murfin raga bayan wani siriri ya yi tsalle ya faɗo bayan kabad, kuma watan jiya muka sa murjani mai laushi guda uku a ƙarƙashin fitilun nan masu araha, sun buɗe. Alhaji ya fara turo min hoton waɗancan fitilun kuma, nace ya bari batiran su cika shekara mu ga lafiyarsu tukuna. Asabar mai zuwa akwai canjin lita 70, gishiri saura rabin bokiti, na riga na ce masa ya yi oda tun yanzu.